A Bar Ɗalibai Su Karanta Labaran Soyayyar Girkawan Dā da Harshensu na Asali

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida taka mai farin jini mu yi magana a kan wani fanni da ba a cika jin ɗuriyarsa ba, wato karatun ƙagaggun labaran soyayya na Girkawan dā a jami'a, da harshen da aka rubuta su. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wata ɗabi'a da ta yi katutu a sassan da ake koyar da tsohon Girkanci. Ɗalibi zai ƙare nahawu a shekarar farko, yana shiga ta biyu sai a damƙa masa Aflatun ko Tukididis marubucin tarihi ko waƙoƙin wasan kwaikwayo, ya kwana yana fama da layi goma, har ya sare ya koma wani fanni. Alhali ga littattafai a ajiye waɗanda labarinsu ke jan mai karatu daga shafi zuwa shafi, harshensu kuma yana hawa daki-daki daga mai sauƙi zuwa mai tsauri. Ra'ayinmu shi ne waɗannan littattafai su ne gadar da ta dace tsakanin nahawu da manyan marubuta, kuma ko ba don gada ba, sun cancanci a karanta su don kansu.

Biyar ne kawai suka iso mana cikakku, dukansu a zube, dukansu kuma daga zamanin da daular Rum ke mulkin ƙasashen Girkawa. Kariton, mutumin Afrodisiyas, garin da kangonsa ke cikin Turkiyya ta yau, ya rubuta labarin Kalirowe a juzu'i 8, kuma yawancin masana suna sa shi a ƙarni na 1 miladiyya. Zenofon na Afisa ya bar labarin Antiya da Habrokomis a juzu'i 5. Akilis Tatiyus na Iskandariya ya rubuta Lukife da Kilitofon a juzu'i 8 a ƙarni na 2. Longus ya rubuta Dafnis da Kulowe a juzu'i 4, a ƙarshen ƙarni na 2 ko farkon na 3. Sai babban yayansu, labarin Habasha na Heliyodorus, mutumin Emesa, wato Homs ta ƙasar Siriya, mai juzu'i 10, wanda har yau masana ke jayayya ko na ƙarni na 3 ne ko na 4. Ƙashin bayan labaran kusan ɗaya ne: saurayi da budurwa, kyawawa, 'ya'yan manya, su kamu da son juna, ƙaddara ta raba su, a bi da su ta hannun 'yan fashin teku da kasuwar bayi da mutuwar ƙarya da zauren shari'a, daga ƙarshe su sadu.

Raini da aka daɗe ana yi musu yana da tushe. Masu sharhin adabi na dā ko suna ba su raɗa wa irin wannan rubutu ba. Sarkin Rum Yuliyanus, a wata wasiƙa ta wajajen shekarar 363, ya gargaɗi masu hidimar gidajen bautarsu da su guji ƙagaggun labaran soyayya da aka sa wa rigar tarihi. A 1876 wani masani Bajamushe, Erwin Rohde, ya fitar da babban littafi a kansu, amma yana kallonsu a matsayin alamar lalacewar adabin Girka, ya kuma ajiye Kariton a can ƙarshe, wajen ƙarni na 5 ko na 6. Yashin Masar ne ya warware masa lissafi. Daga shekarun 1890 aka fara tono guntayen takardun fafirus, wato takardar dā da ake yi da wata ciyawar ruwa, a Fayum da Bahnasa, a cikinsu har da gutsattsarin Kariton da aka kwafa tun wajajen shekara ta 200. Wanda aka ce shi ne auta sai ga shi ya zama na fari. Haka ma Akilis Tatiyus, fafirus ne ya jawo shi baya zuwa ƙarni na 2. A 1976 aka yi taron ƙasa da ƙasa na farko a kan wannan adabi a Bangor ta ƙasar Wales, daga nan fannin ya miƙe. Sai dai manhajar jami'o'i da dama har yau tana tafiya ne da tsohon rainin.

To, wani zai ce tunda akwai fassara, mene ne na wahala? Bari mu nuna a aikace. Ɓangaren farko na jimlar da Longus ya buɗe da ita kalma 11 ne: En Lesbōi thērōn en alsei Nymphōn theama eidon kalliston hōn eidon. Ma'anarta: a tsibirin Lesbos, ina farauta, a kurmin aljanun ruwa, na ga abin kallo mafi kyau cikin duk abin da na taɓa gani. Kalma ta uku tarko ce. Thērōn tana iya zama "na namun daji", tana kuma iya zama "ina farauta", haruffa iri ɗaya, wasula iri ɗaya, alama iri ɗaya. Ɗalibin da ya ɗauki ta farko zai yi ta neman inda zai rataya ta bai samu ba. Kalma ta goma kuwa, hōn, bisa ƙa'ida ha ya kamata ta zama, amma kalmar da aka shafe a gabanta ta janye ta zuwa i'irabinta. Sannan ga eidon, "na gani", sau biyu, ɗaya a tsakiya ɗaya a ƙarshe, ta yadda ɓangaren ke rufewa da amon da ya ɗauko. Darussa uku ke nan a layi guda, biyu na nahawu ɗaya na salo, kuma babu ko ɗaya da zai tsallake zuwa fassara. Gaba kaɗan, inda yake lissafa kayan da makiyaya suka rataya a kogo, ya ce gauloi kai auloi, wato akusan tatsa da sarewu. A kowane harshe ka juya shi, akushi da sarewa za ka samu, amsa-amon kuwa ya tafi.

Akwai kuma kalmomin da ke ɗauke da kaya biyu. Philein tana nufin so, tana kuma nufin sumba, kuma Longus ya gina ruɗanin yaran nan biyu, Dafnis da Kulowe, da ba su san sunan abin da ke damunsu ba, a kan wannan harshen damo. Pharmakon magani ce, guba ce. Da Antiya ta roƙi likita Yudoksus ya ba ta pharmakon don ta mutu ta huta da auren dole, shi kuma ya ba ta na barci, kalma ɗaya ce ta riƙe buƙatarta da dabararsa. Korē yarinya ce, ita ce kuma ƙwayar ido, a cikin littattafan da so ke shiga ta ido. Mai fassara dole ya zaɓi ɗaya ya yar da ɗaya. A ƙarshen gabatarwarsa Longus ya kira littafinsa ktēma terpnon, dukiya mai daɗi, yana mayar da martani ga Tukididis wanda ya kira tarihinsa ktēma es aiei, dukiya ta har abada, ya kuma yarda cewa mai neman daɗi ba lalle ya same shi a ciki ba. Wanda bai ga kalmar ktēma da idonsa a wuraren biyu ba, ba zai san ana wata muhawara ba.

Abin da ɗalibi ke buƙata kafin ya fara ba shi da yawa, amma ba a yi masa rangwame. Zango biyu na nahawu: haruffa 24, jinsi uku, i'irabi biyar, da aikatau. Aikatau ɗin ne inda gizo ke saƙa. Kowanne yana da tushe har shida da sai an haddace, domin wasu ba sa kama da juna ko kaɗan. "Gani" shi ne horaō a yanzu, opsomai a gaba, eidon a baya. "Ɗauka" pherō ne, oisō, ēnenka. Wanda ya ci karo da eidon ya je neman sa a ƙamus ƙarƙashin harafinsa na farko, ƙamus zai tura shi wani wuri ne kawai, idan ma ya yi sa'a. Shawararmu ita ce a haddace tushen aikatau 100 mafiya yawan zuwa kafin a buɗe shafin farko, a kuma riƙa maimaita goma kowace safiya. Mai wannan a ka zai rage rabin lokacin da zai ɓata a ƙamus.

A nan mai jin Hausa yana da wata fa'ida da ya kamata ya sani. Girkanci yana bambanta aikin da ya auku ya ƙare da wanda ake cikin yi, kamar yadda muke bambanta "ya dube ta" da "yana dubanta" ko "ya yi ta dubanta". Ēra yana nufin yana sonta, ērasthē kuma so ya kama shi, a take. Rabin fasahar waɗannan marubuta tana cikin wannan sauyi, kuma kunnenmu ya riga ya saba da shi. Haka nan ƙananan kalmomin nan da ke wahalar da ɗalibai, men da de da ge da dē, aikinsu dangin aikin "dai" da "kuwa" da "kam" da "fa" ne. Ho men… hē de…, "shi dai… ita kuwa…". Kada malami ya ce wa ɗalibi ya tsallake su. Da su ake gane inda jimla ta karye da inda ta dosa. Alamomin da ke kan wasula ma asalinsu hawa da saukar murya ne, kamar yadda karin sauti ke raba wuyan jiki da wuyar aiki. Nómos doka ce, nomós makiyaya. Gaulós akushin tatsa ne, gaûlos jirgin fatake. Ɗalibin da aka bari ya yi watsi da alamomi a shekarar farko, a ta biyu zai biya bashin.

Wajen jerin karatu, muna da ra'ayi mai ƙarfi. Jami'o'i da dama da suka yarda su koyar da ɗaya daga cikin biyar ɗin da Longus suke farawa, saboda gajarta da shahara. Mu a ganinmu a fara da juzu'in farko na Zenofon na Afisa, mako uku ko huɗu. Jimlolinsa gajeru ne, yana kuma maimaita kalamai iri ɗaya har ɗalibi ya haddace su bai sani ba. Masu sharhi sun daɗe suna kushe shi a kan wannan, har wasu na zargin cewa abin da ke hannunmu taƙaitawa ce, tunda Suda, ƙamus ɗin Rumawan gabas na ƙarni na 10, ya ce juzu'i 10 ne, mu kuwa 5 muke da su. Ko ma dai mene ne, abin da aka kira aibi shi ne ribar mai koyo. Wuri ɗaya ne zai tsaya cak, inda aka kawo amsar gidan duban gunkinsu Afolo, domin a waƙe take da karin Homa, babban mawaƙin Girkawan dā, sai malami ya riƙe masa hannu.

Daga nan sai Kariton. Girkancinsa tsaftatacce ne, kusa da harshen masu ilimin zamaninsa, ba shi da ƙaƙale. Labarin kuma ba ya barin mutum ya ajiye: Kayariyas, saboda kishin da maƙiya suka cusa masa, ya shuri amaryarsa Kalirowe, 'yar Hamokratis, jarumin Sirakus da ya karya rundunar Atina a shekara ta 413 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ta suma, aka ɗauka ta mutu, aka sa ta a kabari da dukiya. Ɓarayin kabari ƙarƙashin Teron suka fasa, suka tarar da ita da rai, suka sayar da ita a Militus. Tana ɗauke da cikin mijinta na fari ta auri Diyonisiyus don ta ceci ɗan, har magana ta kai gaban sarkin Farisa a Babila. Ɗalibi zai so ya san hukuncin da za a yanke, kuma wannan son sanin shi ne ke sa shi ƙara shafi ɗaya bayan ya gaji. Matsala ɗaya da za a shirya mata ita ce Kariton yakan tsoma baitin Homa a tsakiyar zance ba sallama. Tun a babin farko, da aka zo ɗaurin aure, ya ce gwiwoyinta da zuciyarta sun saki, da lafazin Homa, lyto gounata. Aikatau ɗin ba shi da wasalin e da aka koya wa ɗalibi cewa shi ne shaidar shuɗaɗɗen lokaci, sunan kuma ba sigar Atina ba ce. Idan aka ga kalma ta ƙi bin ƙa'ida, a fara duba ko layin yana da karin waƙa.

Longus ya zo a zango na biyu. Sauƙinsa na yaudara ne. Jimlolin gajeru ne, amma an auna su gaɓa da gaɓa, ga kalmomin kiwo da tsirrai da tsuntsaye da ba sa cikin littafin nahawu: syrinx, sarewar nan mai kara da yawa a jere, kalaurops, sandan makiyayi, pēra, burgami. A ba ɗalibai jerin irin waɗannan kamar 150 tun kafin a fara, a kuma haɗa musu da waƙa ɗaya ko biyu ta Tiyokritus, mawaƙin makiyaya na ƙarni na 3 kafin miladiyya, domin daga rijiyarsa Longus ke ɗiba. Littafin kusan kalma 20,000 ne. A zango mai mako 12, kwana biyar a mako, ya kama kalma 330 ke nan a rana. Kuskure ne a raba shi daidai wa daida. A fara da 125 a makonni uku na farko, a koma 250, sannan 400, a ƙare da 500, domin kalmomin suna dawowa, gudu kuma yana ƙaruwa. Ajin da bai iya wannan ba, ya karanta juzu'i na 1 da na 2 da kyau, ya fi a yi tsalle-tsalle a huɗun.

Akilis Tatiyus na shekara ta uku ne, ya haura kalma 40,000. Jarumin ne da kansa ke ba da labari, marubucin kuma gwanin kauce hanya ne: zai tsaya ya siffanta zanen Yuropa da bijimi a Sidon, ko dorina, ko giwa, ko kada, da kalmomin da ba za a sake gani ba. Kada a haddace su. A duba, a wuce. Abin lura a wurinsa shi ne yadda tsohuwar kalma ke sauya ma'ana. Philosophein a bakinsa tana iya nufin kame kai daga sha'awa, ba zaman tattauna hikima ba. Wannan ya kawo mu ga ƙamus. Babban ƙamus na Liddell da Scott, wanda bugunsa na 9 ya kammala a 1940, yana jera ma'anoni ne daga mafi tsufa. Ɗalibi mai gaggawa zai ɗauki ta farko, wadda sau da yawa ta Homa ce, alhali tsakanin Homa da waɗannan marubuta akwai shekara 700 ko fiye. A koya masa ya gangara ƙasan bayanin ya nemi ma'anar zamanin Rum. Ƙamus ɗin Montanari, da ya fito da Italiyanci a 1995 da Turanci a 2015, ya fi kula da harshen baya-baya. A kuma sani cewa Longus da Akilis da Heliyodorus suna kwaikwayon harshen Atina na shekara 500 kafin su da gangan, shi ya sa za a riƙa cin karo da siga irin thalatta a maimakon thalassa, teku, da wasu sigogin aikatau da mutanen zamaninsu suka riga suka daina furtawa a kasuwa.

Yadda ake zaman karatun kansa yana da tsari. A fara karanta sakin layin da murya, ko ba a fahimta ba. A ja layi ƙarƙashin kowane aikatau mai ɗauke da mai aikinsa, a zagaye men da de, sannan a nemo siffofin aikatau, waɗanda masu nahawun Larabci za su kusanta da ismul fa'ili, a haɗa kowace da sunan da ta dace da shi a jinsi da adadi da i'irabi. Sai bayan haka a taɓa ƙamus. Kada a rubuta fassara a tsakanin layuka, domin ranar bita ido fassarar zai bi, Girkancin kuma ya zama ado. Washegari a sake karanta na jiya kafin a shiga sabo. Minti goma ne, amma a nan harshe ke zama. Rumbunan intanet irin su Perseus da Logeion suna da amfani, sai dai latsa kalma ta faɗa maka i'irabinta yana kashe ƙwaƙwalwa, kuma na'urar duk sigogin da za su yiwu take jerowa, ba ta san wadda jimlar ke nufi ba. Ka ba ta thērōn, za ta ba ka namun daji da farauta duka biyu. Haka bugun Loeb mai koren bango, Girkanci a hagu fassara a dama: a rufe dama da takarda, a buɗe bayan an gama.

Wani abin da ake yawan tsallakewa, kuma bai kamata ba, shi ne ƙananan rubutun da ke ƙasan shafi a bugu irin na Teubner ko Budé, inda edita ke nuna saɓanin kwafe-kwafen hannu. A waɗannan littattafai wannan ba ƙawa ba ce. Kariton da Zenofon na Afisa, in ban da 'yan gutsattsarin Kariton da aka samu a Masar, sun rayu ne ta kwafin hannu guda ɗaya tak, na ƙarni na 13, mai ƙananan haruffa, da ke ɗakin karatu na Laurenziana a Fulorans ta Italiya. Da wuta ta ci shi, da biyu cikin biyar sun tafi. Shi ya sa ba a buga Zenofon ba sai 1726, Kariton kuwa sai 1750, alhali Heliyodorus ya fito a Basel tun 1534. A cikin wannan kundi ne kuma kaɗai ake da wani yanki na juzu'in farko na Longus, daga babi na 13 zuwa na 17, inda son ya fara kama yaran. A 1809 wani hafsan soja Bafaranshe masanin Girkanci, Paul-Louis Courier, ya kwafe yankin, sai tawada ta ɓata shafin a hannunsa. Aka yi ta cacar baki tsakaninsa da mai kula da ɗakin karatun, kuma har yau editoci suna dogara ne a wurare da dama da abin da aka kwafa kafin tawadar ta zuba. Ɗalibin da ke karanta waɗannan babuka ya cancanci ya san a kan me yake tsaye.

Koyon alamomin ba ya wuce darasi ɗaya. Baka mai kusurwa huɗu a rubutun adabi tana nuna abin da edita ke ganin ƙari ne, baka mai tsini abin da ya cusa da kansa, ƙaramin gicciye kuma wurin da ya lalace aka rasa gyara. A bugun fafirus, ɗigo a ƙarƙashin harafi yana nufin ba a tabbatar da shi ba. Yawancin kurakuran masu kwafa daga kunne suke. A zamanin da ake kwafar, wasula da dama sun koma furuci ɗaya, har hēmeis, mu, da hymeis, ku, suka zama amo guda. A zancen masoya biyu ko a gaban alƙali, "mu" da "ku" ba ƙaramin bambanci ba ne.

Ba za mu ɓoye ba, akwai abin da iyaye da ɗalibai za su yi tambaya a kai. Littattafan na mutanen da ke bautar gumaka ne, Afrodita da Eros da Artemis suna ko'ina. Akwai kuma wuraren da suka saɓa wa kunya ƙwarai, musamman ƙarshen juzu'i na 2 na Akilis Tatiyus, da wasu babuka a juzu'i na 3 da na 4 na Longus. Haƙƙin malami ne ya sanar tun ranar farko, ya kuma ware irin waɗannan wurare daga karatun murya a aji. Wannan damuwa tsohuwa ce. Fotiyus, shugaban cocin Kustantiniya a ƙarni na 9, wanda ya taƙaita littattafai kusan 280 da ya karanta, ya yaba wa salon Akilis amma ya zarge shi da batsa, ya fifita Heliyodorus saboda kamun kai. Tsofaffin bugun Loeb na farkon ƙarni na 20 kuwa juya irin waɗannan wurare suka yi zuwa Latin a maimakon Turanci. Amma adalci ne a faɗi cewa kalmar da ta fi nauyi a wannan adabi ita ce sōphrosynē, kamun kai da tsare mutunci, kuma labaran a kan aure da riƙon alkawari suke ƙarewa. Mai nazarin tarihin aure da matsayin mata da bauta a daular Rum ba shi da madogara da ta fi su yalwa. Tasirinsu ma bai tsaya a Turai ba: labarin Metiyokus da Fartenofe, wanda gutsattsarinsa kawai suka rage da Girkanci, shi ne tushen Wamiƙ da Azra na mawaƙin Farisa Unsuri a ƙarni na 11.

Jarrabawa ma a gyara ta. Idan fassarar abin da aka karanta a aji kawai za a tambaya, ɗalibai za su haddace fassara ne. A raba ta uku: yankin da aka karanta, tare da tambayar i'irabin kalma goma, yankin da ba a taɓa gani ba daga marubucin, kamar kalma 120, da taimakon kalmomi biyar ko shida, sai sharhin salo, inda ɗalibi zai nuna da yatsa abin da jimla ta yi da amo da jerin kalmomi.

Heliyodorus kuwa a bar shi sai shekarar ƙarshe, kuma kada a ba shi zango ɗaya. Ya haura kalma 70,000, jimlarsa guda tana iya cin rabin shafi, siffofin aikatau a goye da juna. Da irin ginin da ke ba ɗalibai tsoro ma ya buɗe: hēmeras arti diagelōsēs, gari yana fara murmushi, suna da siffarsa a i'irabin mallaka, tsaye da ƙafarsu, ba su rataya ga komai a jimlar ba. 'Yan fashi ne suka leƙo daga kan tudu a bakin kogin Nilu, suka hango jirgi maƙare da kaya ba kowa a ciki, gaɓar teku cike da gawawwaki da ragowar walima, ga wata budurwa zaune a kan dutse da baka da kwari, tana duban wani saurayi da ke kwance jina-jina. Ba su san ko su wane ne ba, mai karatu ma bai sani ba. Budurwar ita ce Karikiliya, 'yar sarkin Habasha, Habashar da a wurin marubucin ke nufin daular Merowe ta ƙasar Sudan ta yau. Amma yadda aka yi gawawwakin nan suka zube a wurin, ba za a ji shi ba sai ƙarshen juzu'i na 5, ta bakin dattijo Kalasiris, labari a cikin labari. Sashen da ya sa juzu'in farko kaɗai a manhaja ya bar ɗalibansa a kan tudun tare da 'yan fashin. A ba shi zango biyu, juzu'i biyar-biyar, awa uku a mako.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Wasu malaman tsohon Girkanci